Zaɓen Hadiman Da Kwamfuta Uwar Garke Ke Bukata: Darasi Daga Ilmin Halittu

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, bayan ta soma gwada tsarin a 2013, ɗakin kwamfuta ya tashi daga abin ƙawa ya zama abin dole a makarantun sakandare. Hukumar WAEC ma ta bi sahu a 2024, inda ta fara da ɗalibai masu zaman kansu. A wuri irin Unguwar Rimi ta Kaduna, wadda ta tara makarantu tun daga tsohuwar Kwalejin Rimi har zuwa Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ɗalibin da bai saba amsa tambaya a kan kwamfuta ba yakan shiga ɗakin jarrabawa da kaya biyu a kansa: na darasi da na na'ura. Saboda haka ne makaranta mai hangen nesa takan ware kwamfuta guda ta ɗora mata tambayoyin gwaji da littattafan karatu, sauran kwamfutocin ɗakin kuma su riƙa ɗiba daga gare ta.

Wannan maƙala za ta duba tambaya guda da ke fuskantar duk wanda aka ɗora wa kula da irin wannan kwamfuta, malami ne ko ɗalibi. Da zarar an kunna ta, wasu ƙananan manhajoji sukan tashi da kansu su kama aiki a ɓoye. Waɗanne za a bari, waɗanne kuma za a kashe? In an bar su barkatai, an buɗe wa ɓarayi hanya zuwa ga sakamakon ɗalibai. In kuwa an kashe wanda bai kamata ba, sai ranar gwaji a ga ɗalibai sun zauna jugum, na'ura ta ƙi amsawa. Za mu ga cewa masana ilmin halittu sun riga sun yi fama da tambaya irin wannan game da ƙwayar halitta, kuma hanyar da suka bi ita ce ta fi dacewa da mu.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Uwar garke ita ce kwamfutar da aikinta shi ne yi wa wasu kwamfutoci hidima. Masu sana'ar sukan kira ta saba. Ba girman jiki ne ke mayar da kwamfuta uwar garke ba, aikin da aka ɗora mata ne. Tsohuwar kwamfutar tebur da aka jingine a sito tana iya riƙe wannan matsayi.

Allon umarni shi ne baƙin allon nan da ba shi da hotuna ko tagogi ko kibiyar linzami, sai rubutu zalla: ka rubuta umarni, na'ura ta ba ka amsa a rubuce. Uwar garke ba ta bukatar hotuna, domin ba wanda ke zama gabanta yana kallo. Akwai wani kifi a kogunan ƙarƙashin duwatsu na ƙasar Meksiko wanda ba shi da idanu masu gani, domin ido gaɓa ce mai cin abinci da yawa, kuma a cikin duhu ba ta biyan abin da ta ci. Haka hotuna suke ga uwar garke. Alal misali, littafin jagora na babbar manhajar Debian 12 ya ba da shawarar megabayit 512 na ma'adanar aiki ga kwamfutar da ba ta da hotuna, amma gigabayit 2 ga mai hotuna, wato ninki huɗu ke nan.

Hadimi shi ne sunan da za mu ba kowace ƙaramar manhaja da ke tashi tare da kwamfuta, ta zauna a bayan fage tana jiran aiki ba tare da an kira ta ba. Jikin ɗan Adam cike yake da irin waɗannan: zuciya na bugawa kimanin sau 100,000 a yini, ƙoda na tace jini, huhu na shaƙar iska, duk ba da umarninka ba. Injiniyoyin jami'ar MIT ta Amurka ne suka laƙaba wa waɗannan manhajoji sunan "dimon" a 1963, suna masu aro daga wani ƙagaggen ma'aikaci da masanin fiziks James Clerk Maxwell ya siffanta, wanda ba ya gajiya da tantance ƙwayoyin iska. Wannan ne ya sa sunayen hadimai da yawa suke ƙarewa da harafin d, kamar sshd da smartd.

Ƙofa ita ce lambar da hadimi ke tsayawa a kanta yana sauraron baƙi daga wasu kwamfutoci. Lambobin sun kai 65,535. Shafukan yanar gizo, alal misali, ta ƙofa ta 80 da ta 443 suke fita.

Misalanmu duka za su kasance daga Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux. Linus Torvalds ne ya fara Linux a ƙasar Finlan a 1991, Ian Murdock kuma ya kafa Debian a 1993. Kyauta ake samun su, kuma abin da za a faɗa a nan ya shafi Ubuntu ma, tun da daga Debian aka samo ta.

3.0 Me Ya Sa Ba Za A Bar Su Duka Ba?

Dalilai uku ne. Na farko, kowane hadimi yana da cinsa: yana riƙe wani yanki na ma'adanar aiki, yana kuma jinkirta tashin na'ura. A sabuwar kwamfuta ba za a ji wannan sosai ba, amma a tsohuwa ana ji. Na biyu, kowane hadimi nauyi ne a kan mai kula, domin sai an riƙa sabunta shi ana bin lafiyarsa. Na uku, wanda ya fi sauran girma, shi ne tsaro.

Magabata da suka tsara gidan Bahaushe sun ba shi mashiga guda, wato zaure, domin duk mai shiga sai ya bi ta gaban maigida. Gidan da aka huda wa ƙofofi goma yana bukatar masu gadi goma. Tarihin kwamfuta ya tabbatar da haka. Ranar 2 ga Nuwamba, 1988, wani ɗalibin jami'ar Cornell mai suna Robert Morris ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta, wadda aka ƙiyasta ta kama kwamfutoci kusan 6,000, kimanin kashi ɗaya cikin goma na intanet ta wancan zamani. Ta hanyar hadimai ta shiga, musamman na aika wasiƙu da wani mai ba da labarin waɗanda ke kan na'ura. A watan Mayu na 2017, cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, ta bin ƙofa ta 445, wadda hadimin raba fayiloli na Windows ke tsaye a kanta. A watan Satumba na 2024 kuma aka bayyana wani rauni a cikin cups-browsed, hadimin neman firinta a Linux, mai sauraro a ƙofa ta 631. Duk uwar garken da ba ta ɗauke da wannan hadimi, wannan rauni bai shafe ta ba. Ƙofar da ba a gina ba, ɓarawo ba ya ɓalle ta.

Mu tuna kuma cewa uwar garken makaranta na ɗauke da sunayen yara da makinsu, kuma tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Amana ce a wuyan makaranta.

4.0 Abin Da Ƙwayar Halitta Ta Koya Mana

Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gado, waɗanda su ne umarnin gina ta da tafiyar da ita. Ɗan Adam yana da kimanin 20,000 masu samar da furotin. Bakteriyar E. coli da ke cikin hanjinmu tana da fiye da 4,000. Wata ƙaramar bakteriya kuwa, Mycoplasma genitalium, wadda aka karance gadonta baki ɗaya a 1995, ba ta wuce 525 ba. Sai masana suka tambayi kansu: ƙwayoyin gado nawa ne mafi ƙaranci da rai zai iya tsayawa a kansu?

Masu bincike a cibiyar J. Craig Venter ta Amurka sun ɗauki wannan tambaya. A 2010 suka haɗa gadon wata bakteriya a ɗakin gwaji, mai ƙwayoyin gado 901, suka dasa shi, ta rayu. Daga nan suka zauna suka tsara, bisa ilmin da ke hannu, jerin waɗanda suke ganin su ne na dole, suka zubar da sauran. Ƙwayar ba ta rayu ba. Dole suka koma ga gwaji: a lalata ƙwayar gado, a duba abin da zai faru, a rubuta, a sake. A 2016 suka kai ga ƙwaya mai rai da ke da ƙwayoyin gado 473 kacal. Darussa huɗu ne suka fito daga wannan aiki.

Na ɗaya, abin da ake kira "na dole" ya danganta da muhalli. Wannan ƙwaya tana rayuwa ne domin ana zuba mata abinci mai gina jiki a ɗakin gwaji. Babu jerin dole guda ɗaya da ya dace da kowane wuri.

Na biyu, rashin sanin amfanin abu ba hujja ba ce ta cire shi. Daga cikin 473 ɗin nan, 149 ba a san aikinsu ba a lokacin, amma ƙwayar ba ta iya yi ba tare da su ba.

Na uku, akwai tagwaye, wato ƙwayoyin gado biyu masu aiki iri ɗaya. In ka cire ɗaya ba abin da zai faru, sai ka ɗauka ba shi da amfani. Haka in ɗayan ka cire. Amma in ka cire su duka biyu, ƙwayar ta mutu.

Na huɗu, wani lahanin ba ya bayyana nan take. Ƙwayar ta 2016 tana ɗaukar kimanin awa uku kafin ta ninka yawanta, alhali uwarta ta 2010 awa ɗaya take ɗauka, kuma 'ya'yan da take rabuwa zuwa gare su ba su da siffa daidai. A 2021 aka nuna cewa cikin ƙwayoyin gado 19 da aka mayar mata, bakwai ne suka gyara rabuwar. Ke nan rayuwa daban, ƙoshin lafiya daban.

5.0 Rabe-raben Hadimai

Mu ɗauka wata makaranta ce a Unguwar Rimi take da tsohuwar kwamfutar tebur guda, da kwamfutocin ɗalibai 40 da aka haɗa da waya, da na'urar riƙe wuta da aka fi sani da UPS, sai kuma intanet da ake samu jefi-jefi. Kafin a taɓa komai, sai a rubuta aikin uwar garken a takarda cikin jumla guda: za ta ba da tambayoyin gwaji ta manhajar Moodle, ta ba da ɗakin karatu marar bukatar intanet ta manhajar Kiwix, wadda ke iya ɗaukar Wikipedia ta Hausa da ta Turanci, ta kuma adana sakamako. Wannan jumla ita ce ma'auni. Da ita za a raba hadimai gida huɗu.

5.1 Hadiman Rai

Waɗannan su ne kamar zuciya da huhu, ba a taɓa su. Na farko shi ne systemd, wanda ke fara tashi, yake riƙe da lamba 1, kuma shi ke tayar da sauran. Debian ta karɓe shi a matsayin jagoran hadimai a 2015. Akwai systemd-journald mai rubuta duk abin da ya faru a cikin rajista, da systemd-udevd mai gane kayan da aka jona wa na'ura, da dbus wanda hadimai ke aika wa juna saƙo ta kansa, da getty mai nuna wurin rubuta suna da kalmar sirri a kan allo. Sai kuma hadimin da ke ba kwamfuta adireshinta a kan sadarwa.

5.2 Hadiman Lafiya

Na'ura za ta tashi ba tare da waɗannan ba, amma lahanin rashinsu yana nan tafe. A nan ne muhallinmu ke da ta cewa.

(a) Hadimin shiga daga nesa, sshd, mai tsayuwa a ƙofa ta 22. Tatu Ylönen na Finlan ne ya ƙirƙiro tsarin SSH a 1995 domin maye gurbin telnet, wanda ke aika kalmar sirri a fili kowa na iya gani. Shi ne zauren uwar garke. In malami zai riƙa kula da ita daga wata kwamfuta, a bar shi, amma a hana shiga kai tsaye da sunan babban mai iko, wato root.

(b) Hadimin daidaita agogo, chrony ko systemd-timesyncd. A cikin kusan kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, mai riƙe agogo in an kashe ta. A tsohuwar na'ura sau da yawa ya riga ya mutu. Agogon uwar garke shi ne ke buɗe gwaji ya rufe shi, don haka in ya karkace, gwajin ma ya karkace. A sauya batirin, a kuma bar hadimin. Guda ɗaya daga cikin biyun ya isa.

(c) Hadimin ayyukan ƙayyadadden lokaci, cron, tare da agogunan systemd. Su ke tayar da aikin rage tsofaffin rajistoci kada su cika faifan ajiya, su ne kuma za a ɗora wa kwafe sakamako zuwa wani faifai dabam kowane dare. Gida biyu maganin gobara. Moodle kanta ta dogara ga cron, har ma masu ita sun ba da shawarar a riƙa tayar da aikinta kowane minti guda.

(d) Katangar tsaro, nftables ko ufw, wadda ke rufe kowace ƙofa sai waɗanda aka ambata mata.

(e) Hadimin sabuntawa, unattended-upgrades, mai sauko da facin tsaro duk lokacin da aka sami intanet. Kamfanin Microsoft ya fitar da maganin raunin da WannaCry ta bi tun watan Maris na 2017, wata biyu kafin annobar. Waɗanda ba su sabunta ba ne ta kama.

(f) Hadimin duba lafiyar faifai, smartd. Zafin watannin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura duk abokan gabar faifai ne. Wannan hadimi yana karanta alamun rauni, ya rubuta gargaɗi tun faifan bai mutu ba.

(g) Hadimin lura da UPS, wato nut ko apcupsd. Ɗaukewar wuta farat ɗaya lokacin da na'ura ke cikin rubutu na iya lalata ma'ajiyar sakamako. In UPS ɗin na da wayar da ke haɗa shi da kwamfuta, wannan hadimi zai lura batiri ya kusa ƙarewa, ya kashe na'ura cikin tsanaki. Uwar garken da ke zaune a babbar cibiya mai wuta ba yankewa tana iya yin watsi da shi. Tamu ba za ta iya ba. Ba a manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da jihohin Arewa da dama suka kwashe kwanaki cikin duhu.

5.3 Hadiman Aiki

Waɗannan su ne dalilin kafa uwar garken. Moodle na bukatar mai raba shafuka, apache2 ko nginx, da mai riƙe ma'ajiyar bayanai, kamar mariadb. Ɗakin karatu na bukatar kiwix-serve. Ajiye karatu a cikin gida yana da hikima, domin ranar 14 ga Maris, 2024, da wasu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun shiga matsalar sadarwa, Nijeriya na ciki.

A nan akwai wata dabara ta uku bayan bari da kashewa, wato a bar hadimi amma a juya fuskarsa ciki. Ba ɗalibai ne ke magana da mariadb ba, Moodle ce, kuma a cikin na'ura ɗaya suke. Saboda haka ƙofarsa ta 3306 sai ta saurari adireshin 127.0.0.1 kawai, wanda ke nufin "ni kaina". Daga waje ba mai ganin ta.

Haka nan kuma, in na'urar rarraba sadarwa ta makaranta tana ba kwamfutocin ɗalibai adireshi, babu bukatar dnsmasq. In ba ta bayarwa, ana bukatarsa. Amma kada a bar masu raba adireshi biyu a ɗaki ɗaya, domin rikici za su haddasa.

5.4 Hadiman Da Ba Su Da Gurbi

Yawancin waɗannan an yi su ne domin kwamfutar tebur ko ta tafi-da-gidanka: gdm3 ko lightdm masu buɗe allon hotuna, cups da cups-browsed na firinta, avahi-daemon mai shelar sunan na'ura ga maƙwabta a ƙofa ta 5353, bluetooth, wpa_supplicant na sadarwa marar waya, tun da tamu da waya aka haɗa ta, rpcbind da smbd na raba fayiloli. Duk wani hadimin telnet da aka gani a cire shi nan take.

Biyu daga cikin wannan rukuni suna bukatar tunani. ModemManager ba shi da amfani a yawancin uwayen garke, amma in intanet ɗin makaranta ta ɗan modem mai layin waya da ake soka wa na'urar take shigowa, to mai yiwuwa ta hannunsa take bi. Haka hadimin wasiƙu, exim4 ko postfix. Makaranta ba gidan waya za ta buɗe ba, amma cron da smartd sukan aika gargaɗinsu ne ta wasiƙa. In an cire shi, wajibi ne mai kula ya ɗauki al'adar karanta rajista da kansa.

6.0 Matakan Gwaji

Mataki na farko shi ne rigakafi. Lokacin ɗora Debian, za a kai wani shafi da ke tambayar rukunin manhajojin da ake so. A cire alama daga rukunin hotuna, a bar na SSH da na kayan aikin yau da kullum. Abin da ba a shuka ba, ba a wahalar cire shi.

Mataki na biyu, ƙidaya. Wannan umarni zai nuna hadiman da ke aiki yanzu:

systemctl list-units --type=service --state=running

Wannan kuma zai nuna waɗanda aka ba izinin tashi tare da na'ura:

systemctl list-unit-files --state=enabled

Ana bukatar jerin biyu, domin wasu hadiman, kamar mai ɗora dokokin katangar tsaro, sukan yi aikinsu sau ɗaya lokacin tashi su koma gefe, ba za a gan su a jerin farko ba. Sai kuma ƙidayar ƙofofi:

ss -tulpn

Mataki na uku, tambayoyi. A buɗe littafi, a ba kowane hadimi layi guda, a amsa: Mene ne aikinsa? Wa ke bukatar wannan aiki a nan? Wa ya dogara gare shi? Yana da tagwai? Yana tsaye a wata ƙofa? Umarnin man tare da sunan hadimi zai ba da bayaninsa. Masu dogaro da shi kuma za a ga wasu daga cikinsu da wannan:

systemctl list-dependencies --reverse dbus.service

Wannan jeri ba ya nuna komai da komai. Ba zai gaya maka cewa Moodle na jiran cron ba, sai ka karanta bayanin Moodle ɗin. Hadimin da ba ka gane aikinsa ba, ka bar shi tukuna, ka tuna da 149 ɗin nan.

Mataki na huɗu, a kashe guda ɗaya tak:

systemctl disable --now avahi-daemon

Wasu hadiman suna da mai tayar da su da zarar an ƙwanƙwasa musu. Alal misali, cups na da cups.socket, avahi-daemon ma na da nasa. Irin waɗannan sai a kashe su tare, ko a yi amfani da umarnin mask, wanda ke hana tashi ta kowace hanya.

Mataki na biyar, a sake kunna na'ura, a je kwamfutar ɗalibi a gwada: a buɗe gwaji, a amsa, a duba maki, a buɗe ɗakin karatu, a duba agogo. Sa'an nan a karanta kurakuran da aka rubuta tun daga tashi:

journalctl -b -p err

Mataki na shida, a yi haƙuri na mako guda, domin akwai ayyukan da sai dare ko ƙarshen mako suke tashi. In komai lafiya, sai a cire manhajar gaba ɗaya da umarnin apt purge, amma a karanta jerin abubuwan da zai tafi da su kafin a amince. A rubuta rana da abin da aka yi a littafi, domin wanda zai gaji aikin.

Akwai gargaɗi biyu. Kada a taɓa hadimin sadarwa ko sshd ko katangar tsaro alhali daga nesa ake aiki, domin mutum na iya kulle kansa a waje. A yi wannan ana zaune gaban na'urar. Kuma kada a yi kowane irin gwaji a makon jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, mun ga cewa babu wani jeri da za a kwafo daga littafi a ce shi ne na kowace uwar garke. Aikin da aka ɗora mata da muhallin da take zaune su ne ke yanke hukunci. Hadimin lura da UPS da wata cibiya a Turai za ta ga bai dame ta ba, a Unguwar Rimi shi ne tsakanin sakamakon ɗalibai da asararsa. Manufa kuma ba ita ce a kai ga mafi ƙarancin adadi ba, domin ƙwayar da aka rage fiye da kima ta rayu amma ba ta yi lafiya ba. Manufa ita ce mai kula ya iya nuna kowane hadimi da ke aiki, ya faɗi dalilin zamansa. Hanyar kaiwa ga haka ita ce wadda ɗalibai suka sani a ɗakin gwajin kimiyya: a lura, a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta.

Tambayoyi Da Aikin Aji

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin hadiman rai da hadiman lafiya, tare da misalai biyu-biyu.

2. Wani ɗalibi ya kashe chrony bai ga wani canji ba a ranar. Kawo dalilai biyu da za su iya sa haka, ka danganta su da darussan da ke sashe na 4.0.

3. A wane hali ne ModemManager zai tashi daga rukuni na huɗu ya zama abin bukata?

4. Me ya sa ake juya ƙofar mariadb zuwa 127.0.0.1 maimakon a kashe shi?

5. Malami ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya ba su tsohuwar kwamfutar da ba ta ɗauke da bayanan kowa. Kowane rukuni ya ƙidaya hadimai da ƙofofi, ya duba ma'adanar aiki da umarnin free -h, ya kashe hadimi guda daga rukuni na huɗu, ya sake aunawa, sa'an nan ya rubuta rahoto a tsarin da aka saba na gwajin kimiyya: manufa, kayan aiki, hanya, sakamako da sharhi.